Ɗan Birni da Ɗan Ƙauye a Aji Ɗaya: Abin da Tarihin Makarantun Arewacin Kano Ya Nuna

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, tsohuwar muhawarar nan takan taso a ofishin malamai da majalisun bakin titi: shin yaran birnin Kano sun fi na ƙauye kai ne, ko kuwa makarantunsu ne suka fi namu? Wasu iyayen ma tuni suka yanke hukunci. Za ka ji uba a Makoɗa ko Tsanyawa yana cewa, "Malam, namu yaran ba su da kan boko, sai dai noma." Ni a guguwar UPE, shirin ilimin firamare ga kowane yaro, na shiga aikin koyarwa. Na yi malamin aji, na yi hedimasta, daga baya na yi aikin duba makarantu, kuma kusan duk aikina a ƙasashen Ɗambatta da Bichi da Dawakin Tofa da Minjibir na yi shi. Amsata daga tarihin aikin nan za ta fito, domin shi ne ya nuna inda tazarar ta faro, da lokacin da ta ragu, da abin da ya sake buɗe ta.

Boko ta birni ya shigo mana. Turawa sun ci Kano a 1903, a 1909 kuma Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, inda aka fara da 'ya'yan sarakuna da malamai. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai. A cikin Kano aka kafa makarantar alƙalai ta Shahuci a 1928, da Makarantar Shari'a a 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ga kuma Midil ta Kano wadda yau ake kira Kwalejin Rumfa. Duk waɗannan a birni suke. Ke nan tun kafin yawancin garuruwanmu su ga baƙin allo, akwai gidaje a cikin ganuwa da uba ya yi elementare, ɗa yana Midil. Yaron da ya buɗe ido ya ga mahaifinsa yana karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo ya riga ya sha gaban wanda bai taɓa ganin takardar boko ba sai ta haraji. Wannan rata ta tsara guda, wani wurin tsara biyu, ita ce gadon farko da muka tarar.

A karkara, En'e ce ta riƙa buɗe elementare, galibi a garin hakimi. Dattawan da suka koyar da mu sun sha ba mu labarin yadda ake ɗaukar yara. Hakimi ya yanka wa kowane dagaci adadinsa, dagaci ya yanka wa masu unguwanni. Ranar da labari ya bazu, wani ya ɓoye ɗansa a rumbu, wani ya haɗa shi da alaramma a yi gabas da shi. Mai hali ya san yadda zai yi ya fanshi nasa, sai abin ya faɗa kan maraya, ko ɗan bara, ko ɗan wanda ba ya ga maciji da mai unguwa. Idan an tara su a ƙofar fada, babu takardar haihuwa, sai a ce yaro ya ɗora hannu ta saman kansa ya taɓo kunnen ɗaya gefen. Wanda ya taɓo ya isa shiga aji, wanda ya kasa sai baɗi. A lura da kyau, ba wanda ya auna basirar yaran nan kafin a ɗauke su. Kamawa aka yi, ba zaɓe ba. Amma daga cikinsu aka sami waɗanda suka ci jarrabawar Midil, suka zauna benci ɗaya da 'ya'yan birni, suka wuce kwaleji.

Dalilin haka a bayyane yake. Elementaren En'e ta ƙauye da ta birni manhaja ɗaya suke bi, littattafai iri ɗaya, da Hausa ake fara karatu, malamai kuma daga makarantun horo ɗaya suke fitowa. Malami a garin yake kwana, da iyalinsa, yana sallah a masallacin garin. Hakimi na sane da ranar da bai shiga aji ba, mai duba makarantu kuma yana iya dira ba sallama ya buɗe rajista da littafin shirin darasi. Daga irin waɗannan makarantu aka sami Magaji Ɗambatta, ɗan jarida kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar NEPU a 1950. Abubakar Rimi daga ƙasar Sumaila ya fito, Rabi'u Musa Kwankwaso daga ƙasar Madobi, Abdullahi Umar Ganduje kuma a Dawakin Tofa ya yi firamare, dukansu sun mulki Jihar Kano. Farfesa Umar Garba Ɗambatta, masanin injiniya, ya shugabanci hukumar sadarwa ta ƙasa daga 2015 zuwa 2023. Matsalar wancan zamani ita ce ƙarancin kujeru. Gunduma guda mai dubban gidaje takan dogara da makaranta ɗaya ko biyu, 'ya'ya mata kuwa ɗaiɗaiku ne ke shiga.

Wanda ke shakkar kaifin ƙwaƙwalwar mutanen karkara, ya leƙa tsangaya. Tun kafin boko, mutanen birni ƙauye suke tura 'ya'yansu neman Alƙur'ani. A bukkokin kara, a gindin wutar kiskadi, kolo yake zama titibiri, titibiri ya zama gardi, har a kai ga alaramman da zai zauna da tawada da alƙalamin kara ya rubuta izu sittin da ka, da wasullansa da ɗigonsa, ya kuma faɗa maka sau nawa kalma kaza ta zo da irin wasali kaza da wuraren da ta zo. Haka noman wannan yanki. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gonaki ƙanana a jere ba saura, kowace shekara ana noma su ba hutu, gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, kowanne da lokacin shukarsa. Masanin nan Michael Mortimore ya shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin yadda manoman kewayen Kano suke riƙe ƙarfin ƙasarsu duk da yawansu, aikinsa kuma ya zama abin karantarwa a jami'o'in duniya. Mutanen da suka iya wannan lissafi ba za a ce 'ya'yansu sun rasa kai ba.

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya zama gwamna, ma'aikatar ilimi kuma ta shiga hannun ɗan wannan yanki, Sarkin Bai Mukhtar Adnan, hakimin Ɗambatta. Makarantu suka fara yawaita. Farin 1973 da cutar da ta kassara gyaɗa a 1975 su ma sun sauya tunanin iyaye da dama, domin sun ga gidan da ke da ɗa mai albashi ya fi jure wa yunwa. Sai ga shirin UPE a watan Satumba na 1976. Gwamnatin Obasanjo ta yi shirin karɓar yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Mu da muka shiga aiki a lokacin mun ga abin alheri da idonmu: ƙauyen da bai taɓa mafarkin makaranta ba ya wayi gari da ajujuwa biyu da tuta. Mun kuma ga farashin gaggawa. An yi wa dubban matasa horon 'yan watanni aka ba su alli. Inda waɗannan ma ba su isa ba, aka ɗauki waɗanda suka gama aji bakwai a matsayin malaman wucin gadi. Gine-ginen 'yan kwangila da yawa iskar farkon damina ta yaye rufinsu, karatu ya koma gindin darbejiya.

A nan ne tazarar ta sauya kama, ta tashi daga yawan kujeru ta koma ingancin abin da ake koyarwa. Ƙwararrun malamai masu takardar daraja ta biyu ba su da yawa, kuma kowa na son su. Mai hanya ya nemi a bar shi a birni, kusa da asibiti da famfo da lantarki. Ƙauyen da ke nesa da kwalta ya tashi da wanda ya rage. Abin da ya fi ci mini rai shi ne al'adar da ta kafu a ofisoshin ilimi, ta mayar da ƙauye wurin horo. Malami ya yi laifi a gari, ko ya saɓa da wani babba, sai ka ji an ce "an cilla shi ƙauye." Ba wanda ya tsaya ya tambayi laifin da yaran ƙauyen suka yi da za a hukunta su da malamin da aka gaji da shi.

Shekara ɗaya bayan UPE, Jihar Kano ta yi wani gwaji wanda a ganina ya amsa tambayarmu fiye da kowace muhawara. A 1977, zamanin Kanar Sani Bello, aka kafa Hukumar Makarantun Sakandaren Kimiyya, aka buɗe makarantu biyu na maza, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa. Ta 'yan mata ta biyo baya a Taura a 1981, tun Jigawa ba ta rabu da Kano ba. Dalilin kafa su shi ne jihar ba ta da likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa sai ƙalilan. Aka ware wa hukumar kuɗinta, aka gina ɗakunan gwaje-gwaje, aka nemo malamai har daga ƙasashen waje, aka tanadi abinci da makwanci da littattafai. Shiga kuma sai da jarrabawa, bayan yaro ya yi shekara biyu a sakandare, ko daga ina ya fito. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi bincike mai zurfi a kan wannan shiri. Yau idan ka shiga manyan asibitocin Kano ko tsangayoyin kimiyya na jami'o'inmu, da wuya ka rasa tsohon ɗalibin ɗaya daga cikin Dawakin biyu.

Yaran da suka bi ta hannuna a firamare, daga baya suka sami shiga Dawakin Tofa, labari ɗaya suke ba ni idan sun zo hutu. Zangon farko 'yan birni ne ke gaba, musamman a Turanci, su ne masu ɗaga hannu, namu na raɓe a baya suna jin kunyar lafazinsu. Kafin a shiga shekara ta biyu, jerin sakamako ya cakuɗe, ba ka iya duba na ɗaya zuwa na goma ka ce wannan ɗan Fagge ne, wancan ɗan Bagwai. Wani zai ce ai zaɓaɓɓu aka tara a can, kuma gaskiya ne. Sai dai zaɓaɓɓen ƙauye ya ci jarrabawar shiga ne daga makarantar da ba ta kai ta takwaransa ba, da aka daidaita musu malami da abinci da fitilar karatun dare kuma, ya kamo shi. Manoman yankinmu sun san wannan tun zamanin da jakuna ke jigilar taki daga birni da rani: iri ɗaya za ka shuka a gonaki biyu, wadda ta sha taki ta cika rumbu, wadda ba ta samu ba ta ba ka 'yan dammuna, kuma ba manomin kirki da zai ɗora wa irin laifi.

Gwamnatin Abubakar Rimi ta 1979 zuwa 1983 ta buɗe sakandaren jeka-ka-dawo a garuruwa da dama, ta kafa hukumar ilimin manya a 1980. Daga nan kuɗin mai ya ja baya. Tsarin 6-3-3-4 ya zo da alkawarin koyar da sana'a a ƙaramar sakandare, aka shigo da injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantun karkara da yawa a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, don babu lantarki, babu mai koyarwa. Tsuke bakin aljihu na 1986 ya cinye darajar albashi. Hukumar ilimin firamare ta ƙasa da aka kafa a 1988 ta ɗan daidaita biyan malamai, aka rushe ta a 1991, aka maido ta a 1993. A tsakanin nan malamai suka yi watanni ba albashi. Na ga abokan aiki masu hazaƙa sun koma acaɓa, wasu sun kama awo a kasuwannin ƙauye, aji ya zama wurin leƙawa. A birni masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi da suka fara tsirowa a kowace unguwa. Manomi ba shi da wannan mafita.

Wata asara da ba a cika maganarta ba ita ce rufe kwalejojin horar da malamai masu daraja ta biyu, irin su na Bichi da Wudil, bayan an mayar da NCE mafi ƙarancin takardar koyarwa. Manufar tana da kyau, amma waɗancan kwalejoji aikinsu ɗaya ne tak: su koya maka yadda ake sa yaro ɗan shekara shida ya haɗa baƙi da wasali, ya iya ƙirga da tsakuwa da karan dawa. Yawancin ɗalibansu 'yan karkara ne, kuma gida suke komawa su yi aiki. Wanda ya karanci tattalin arziki ko kimiyyar siyasa a NCE, aka ba shi aji ɗaya, yana da ilimi, amma ba a koya masa wannan sana'ar ba.

In aka tambaye ni bambancin da ke akwai yau, sai in ce a fara ƙirga sa'o'in karatu. Malamin da ke zaune a birni yana koyarwa a ƙauye sai ya hau mota biyu da babur, ya iso hantsi ya dubi ludayi, azahar kuma yana haramar komawa. Ranar kasuwar gari aji rabi ne. Da damina akwai shuka, da noman fari, da maimai, da kaka kuma ga girbi da roron wake. 'Yan mata na talla da safe. Yaron makarantar kuɗi a birni yana aji tun ƙarfe takwas, da yamma ga mai koya masa a gida, Turanci kuma yana shiga kunnensa ta talabijin da waya. Namu yaron an saba sai a aji huɗu ake juya masa karatu zuwa Turanci, sau da yawa tun bai iya karanta Hausar ba, sai ya tashi ba wan ba ƙanen. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da harshensu tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. Sannan tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Na taɓa raka ɗalibai wata cibiya a birni, na ga yarinyar da ba ta da na biyu a lissafi a makarantarsu ta zauna gaban na'urar, hannunta na rawa, tana neman yadda za ta matsa zuwa tambaya ta gaba, agogo kuwa na tafiya. Ranar ce ta fara taɓa kwamfuta. Makin da ta samu ya shiga lissafin da ake kafa hujja da shi a ce 'yan ƙauye ba su da ƙoƙari.

Akwai kuma abin da ya shafi jiki, wanda bai kamata mu ɓoye ba. Zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara a tsakiyar damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Tamowa a shekarun farko na rayuwa, da ƙarancin jini, da ƙarancin sinadarin aidin, duk suna taɓa girman ƙwaƙwalwa, kuma sun fi yawa a gidajen talakawa. Waɗannan cutar talauci ce, ana kuma maganinsu. Masana ma sun tabbatar cewa abin da gwajin basira ke aunawa ba a tsaye yake ba. James Flynn na ƙasar New Zealand ya nuna cewa a ƙarni na 20 makin wannan gwaji ya riƙa hawa da kimanin maki 3 duk shekara goma a ƙasashe da dama, yayin da makaranta da abinci da lafiya suka inganta. A Norway, da aka ƙara karatun dole daga shekara 7 zuwa 9, bincike ya gano cewa kowace shekarar da aka ƙara ta ɗaga makin samari da kusan maki 4. Ashe zaman aji kansa yana wasa basirar da ake aunawa.

Shi ma birnin ba ɗaya ba ne. Ka shiga firamaren gwamnati a unguwannin talakawa na Dala ko Kumbotso ko Ungogo, za ka tarar da yara sama da ɗari a aji guda, a zaune a ƙasa, malama ɗaya na fama. Ɗan aji biyar a can da bai iya karanta sunansa ba, ba shi da abin da zai nuna wa na ƙauye. Iyakar gaskiya tana tsakanin mai iya biya da marar iya biya, birni dai ya fi tara masu iyawar. Ƙari a kan haka, da zarar yaro ya nuna hazaƙa a ƙauye, sai a kai shi wurin kawu ko gwaggo a Kurna ko Rijiyar Lemo ya ci gaba. Ranar da ya ci jarrabawa, birni ake rubuta wa nasarar.

Daga 1999 zuwa yau an yi shirin UBE da dokarsa ta 2004, an yi ciyarwa da ɗinka wa yara kayan makaranta a zamanin Kwankwaso, an shelanta ilimi kyauta kuma dole a Jihar Kano a 2019, an kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Ciyarwa ta cika ajujuwa, wannan na gani da idona. Sababbin gine-gine sun yi kyau a bakin hanya. Amma duk inda ba a kai malamin da ya iya aiki kuma yake kwana a garin ba, sakamako bai motsa ba.

Hukuncina shi ne, Allah bai ware wa birni basira ya hana ƙauye ba. Matsayin makarantu ne ya bambanta, kuma mutane ne suka bambanta shi da shawarwarin da suka yanke a ofis, don haka mutane na iya gyara shi. Ina kira ga hukumar SUBEB da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi su daina tura malami ƙauye don horo, su sa alawus na karkara mai tsoka, su gina gidajen malamai, su ɗauki 'ya'yan garin aiki, musamman mata. A tabbatar kowane yaro ya iya karanta Hausa kafin ya bar aji uku, a kuma kai kwamfuta da hasken rana kowace babbar sakandare. Hakimai da dagatai su koma leƙa rajista kamar yadda iyayensu suka yi. Ku kuma iyaye, 'yan'uwana manoma, ku daina cewa ɗanku ba shi da kai a gabansa. Ku je makarantar ku tambayi hedimasta malamai nawa aka turo, nawa ne suka zo yau, kuma ƙarfe nawa suka shiga aji.